Fili Mai Ƙafa Hamsin: Shari'ar Raba Filaye a Wata Unguwar Toronto

Asalin unguwar: shekarun 1880 zuwa 1998

A ƙarshen kudu maso yammacin birnin Toronto na ƙasar Kanada, inda rafin Etobicoke ke zubawa cikin tafkin Ontariyo, akwai tsohuwar unguwa da ake kira Long Branch. Tafkin ne iyakarta ta kudu, rafin ta yamma, layin dogo ta arewa. Babban titin Lake Shore ya ratsa ta tsakiya, kuma a nan ne taragon lantarki na kan titi yake juyawa ya koma cikin birni. Ba za a ambaci layi ko lambar gida ko sunan mai fili ba a wannan bayani, domin masu filayen da maƙwabtansu mutane ne masu zaman kansu.

A shekarun 1880 wurin shan iska ne. Masu hali na Toronto sukan zo ta jirgin ruwa lokacin zafi, su kwana biyu a ƙananan gidajen katako ƙarƙashin itatuwa. Daga baya ma'aikatan masana'antun da ke kewaye suka tare da iyalansu, aka gina ƙananan gidajen bulo marasa bene, kowane da farfajiya gaba da baya. A farkon shekarun 1930 wurin ya zama ƙauye mai majalisarsa. A watan Oktoban 1954 guguwar Hazel ta share gidajen da ke bakin rafin, aka mai da wurin lambun shaƙatawa mai sunan Marie Curtis, shugabar ƙauyen ta wancan lokaci. A 1967 aka haɗe ƙauyen da ƙaramar hukumar Etobicoke, a 1998 kuma aka haɗe Etobicoke da Toronto.

Wannan tarihi ya bar abu biyu da suka zama ƙashin bayan rigimar. Na farko manyan itatuwa, irin su oak da maple, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada, wasunsu sun girmi gidajen da ke ƙarƙashinsu. Na biyu, filayen ba awo ɗaya ba ne, domin mutane daban-daban ne suka yanka su a lokuta daban-daban. Da yawa faɗinsu ƙafa 50, wato mita 15.24, awon da duk wanda ya taɓa sayen fuloti a Kano ko Kaduna ya sani. Amma a tsakaninsu akwai masu ƙafa 40, da 33, da 30, har da 'yan tsirarun masu ƙafa 25 tun daga yankan farko.

Abin da doka ta ce a takarda

Dokar gini ta birnin, mai lamba 569-2013, ta raba gari shiyya-shiyya. A yawancin layukan da ke kudu da Lake Shore, inda aka keɓe wa gidaje masu zaman kansu, ta ce faɗin fili kada ya gaza mita 12, girmansa kada ya gaza murabba'in mita 370, jimillar daɓen gidan kuma, idan an haɗa dukan hawa, kada ta wuce kashi 35 cikin ɗari na girman filin. Tsakanin bango da iyakar maƙwabci a bar mita 1.2.

Dokar tsara garuruwa ta lardin Ontariyo ta buɗe ƙofa biyu ga wanda wannan awo ya matse. Sashe na 53 ya ba shi damar neman izinin raba filinsa, a duba buƙatar bisa sharuɗɗan sashe na 51(24), ciki har da awo da siffar sababbin filayen da kuma dacewarsu da Babban Tsarin birni, wato kundin manufofin da ke jagorantar yadda za a yi amfani da ƙasar birnin. Sashe na 45(1) ya ba shi damar neman ɗan sassauci daga dokar gini, amma sai ya tsallake gwaji huɗu gaba ɗaya: sassaucin ya tsare manufar Babban Tsari, ya tsare manufar dokar gini, ya dace da kyakkyawan amfani da filin, ya kuma kasance ƙarami. Faɗuwa a ɗaya faɗuwa ce a duka. A 2005, a shari'ar Vincent da DeGasperis, wata babbar kotun lardin ta bayyana cewa sassauci na iya kasa zama ƙarami ta hanya biyu, ko don ya yi girma da yawa, ko don ya yi muhimmanci da yawa.

Wanda ke fara sauraron buƙata shi ne kwamitin daidaitawa, 'yan gari ne da majalisar birni ta naɗa. Ana kafa allo a gaban filin, a aika takarda ga masu gidajen da ke cikin mita 60. Bayan hukunci akwai kwana 20 na ɗaukaka ƙara. Har zuwa 2017, ƙarar tana zuwa hukumar lardi da ake kira OMB, wadda tushenta ya faro tun 1906, ita kuwa sabon sauraro take yi daga tushe kamar ba a taɓa zama ba.

Farkon matsalar: shekarun 2010

Kuɗin gida a Toronto ya yi ta hawa. A farkon 2015 matsakaicin farashin gida mai zaman kansa a cikin birnin ya haura dalar Kanada miliyan ɗaya. Masu gini don sayarwa suka gane cewa a Long Branch filin ya fi gidan da ke kansa daraja nesa ba kusa ba. Da zarar tsohuwa ta rasu ko ta koma gidan kula da tsofaffi, magada suka sa gida a kasuwa, sai mai gini ya taya fiye da abin da matashin magidanci zai iya.

Buƙatar da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ce, kuma lissafinta a fili yake. A ɗauki fili mai faɗin mita 15.24 da tsawon mita 40. Girmansa kusan murabba'in mita 610 ne. Idan aka tsaga shi gida biyu, kowane ɓari faɗinsa mita 7.62, girmansa kusan 305. Duka biyun sun gaza awon doka, faɗin ma bai kai kashi biyu cikin uku na mita 12 ba. Kashi 35 cikin ɗari na 305 bai wuce murabba'in mita 107 ba, gidan da ba zai mayar wa mai gini da kuɗinsa ba. Don haka sai ya nemi kusan ninki biyu na abin da doka ta yarda, ya kuma nemi a rage tazarar gefe, sau da yawa zuwa santimita 60 tsakanin tagwayen gidajen.

A fili mai faɗin mita 7.62 babu wurin ratsa mota ta gefe zuwa baya. Dole gareji ya shiga cikin jikin gidan a ƙasa, falo da kicin su hau kansa, ɗakunan kwana su hau kan falo. Ƙofar shiga sai an taka doguwar matakala. Sakamakon shi ne gida siriri, dogo, mai kama da hawa uku, a gefen gida mara bene da taga ke kallon lambu. Mutanen unguwa suka sa musu suna gidajen soja, saboda yadda suke tsayawa biyu-biyu a miƙe, kafaɗa da kafaɗa, kamar masu fareti.

Koke-koken maƙwabta na zahiri ne. Dogon bango yana tare rana daga bayan gida. Dandamalin shan iska da ke hawa na sama yana leƙa tsakar gidan wani. Hanyar mota biyu a madadin ɗaya tana cinye ciyawar gaba, ruwan sama ya rasa inda zai nitse a unguwar da ba ta manta da ambaliya ba. Sai kuma itatuwa. Dokar birni tana kare duk itacen da kaurin gangarsa ya kai santimita 30 idan an auna a tsayin mita 1.4 daga ƙasa, ba a sare shi ko a taɓa saiwarsa sai da izini. Amma da zarar an amince da raba fili da tsarin ginin, galibi izinin sara yakan biyo baya, domin ginin ya riga ya zama halal. Itacen maƙwabci ma bai tsira ba, tunda saiwa ba ta san iyakar fili ba, kuma haƙar harsashi kusa da katanga tana iya kashe shi a hankali cikin 'yan shekaru.

Matakin farko da bai yi aiki ba: zuwa 2017

Abin da mazauna suka fara yi shi ne abin da kowa zai yi. Suka rubuta wasiƙu, suka tara sa hannu gida-gida, suka je zauren kwamiti da rana tsaka ranar aiki, kowa ya samu kimanin minti biyar ya faɗi abin da ke ransa. Wani lokaci kwamiti ya saurare su ya ƙi buƙatar, musamman idan ma'aikatan tsara birni ko na kula da itatuwa sun rubuta rashin amincewa. Sai mai gini ya ɗaukaka ƙara zuwa OMB, a koma farko.

A can zaman ya bambanta. Mai gini yakan zo da lauya da ƙwararren masanin tsara gari wanda hukumar ta yarda ya ba da ra'ayi a matsayin shaida. Maƙwabci yakan zo da hotuna da ɓacin rai. A ƙa'idar irin wannan zama, ra'ayin ƙwararre da ba a kawo wani ƙwararren ya ƙaryata ba yana da nauyi ƙwarai, maganar wanda ya shekara arba'in a layin kuwa ana jinta a matsayin damuwa. Ɗaukar lauya da masani kuɗi ne na dubban daloli, kuma mai ginin zai fanshe nasa a cikin farashin gida, maƙwabci kuwa daga aljihunsa ne. Birnin yakan tura lauyansa idan kansila ya nema majalisa ta amince, amma ba kowace ƙara ba.

Akwai kuma rauni a cikin rubutun Babban Tsarin kansa. Ya ce sabon gini ya mutunta ya kuma ƙarfafa kamannin unguwa, ya ambaci girma da siffar filaye, amma bai ce wace unguwa ba, bai kuma ce filaye nawa ne ke zama kamanni ba. Masanin mai gini sai ya zana da'ira mai faɗi a taswira, ta haɗa ɗaruruwan filaye, ya nuna masu ƙafa 25 nan da can, ya ce ga irinsu nan a unguwa, tun fil azal ake zaune da su lafiya. Gaskiya ya faɗa, akwai su. Akasarin buƙatun da suka isa OMB da wannan hujja sun dawo da izini.

A ƙa'ida, hukuncin ƙara ɗaya ba ya ɗaure ta gaba, kowace da nata. A aikace, duk fili da aka raba yakan shiga taswirar masani na gaba a matsayin sababbin ƙananan filaye biyu. Hujjar tana ƙara ƙarfi da kowace nasara. Wannan ne ya tayar da mutanen layukan da abin bai kai gare su ba tukuna, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Suka fara halartar zaman da ba na layinsu ba, daga baya suka kafa ƙungiyar mazauna unguwa.

Canje-canje uku: Mayun 2017 zuwa Disambar 2018

Na farko, wurin shari'a ya canza. Dokar birnin Toronto ta 2006 ta ba majalisa ikon kafa hukumarta ta ɗaukaka ƙara kan raba fili da ɗan sassauci, amma sai bayan shekara goma aka yi amfani da ikon. Daga ranar 3 ga Mayun 2017 irin waɗannan ƙararraki suka koma sabuwar hukuma da ake kira TLAB, mambobinta mazauna Toronto, shugabanta na farko lauya Ian Lord. Kuɗin shigar da ƙara a lokacin dala 300 ne. Ita ma sabon sauraro take yi, amma ƙa'idojinta sun tilasta wa kowa ya ajiye takardunsa da bayanan shaidunsa tun kafin ranar zama, a kuma wallafa su a intanet inda kowa zai gani. Mutum ya zaɓa: ko ya shiga a matsayin cikakken ɓangare, mai ikon kawo shaidu da yi wa shaidun abokin shari'a tambayoyi, ko a matsayin mai ba da bayani kawai.

Na biyu, an rubuta kamannin unguwar. Tun 2016 birnin ya zaɓi Long Branch don gwajin wani kundin jagora, da goyon bayan kansilan yankin na lokacin, Mark Grimes. Aka yi tarurruka, aka zaga layuka da ƙafa tare da mazauna. A ƙarshen Janairun 2018 majalisa ta amince da kundin. Ya jera abubuwan da suka sa unguwar ta zama ita: ƙofar shiga kusa da ƙasa, baranda a gaba, rufi mai gangara, gareji a gefe ko a baya, tazara tsakanin gidaje da ke barin ido ya hangi koren baya, da inuwar manyan itatuwa. Ya kuma ce a auna sabon gini a mataki uku, da gidajen da ke manne da shi, da layinsa, da unguwa baki ɗaya. Kundin jagora ne, ba shi da ƙarfin doka, kuma lauyoyin masu gini ba su gaji da tuna wa hukuma hakan ba.

Na uku ya fi su nauyi, ko da yake bai yi amo ba. Gyara mai lamba 320 ga Babban Tsari, wanda majalisa ta zartar a Disambar 2015, ya maƙale a ƙara har sai ranar 7 ga Disambar 2018, lokacin da hukumar da ta gaji OMB ta tabbatar da shi. Gyaran ya saka kalma ɗaya a gaban girman filaye, da tsayi, da cikar gini (jimillar daɓe in an gwada da girman fili), da wurin gareji: mafi rinjaye. Ya fassara ta da abin da ya fi yawan aukuwa. Ya kuma umarta a duba da'ira biyu, unguwar da aka shata bisa ƙa'ida, da kuma mahallin kusa, wato gidajen da ke fuskantar titi ɗaya da filin a sashensa da sashen da ke kallonsa. Idan biyun sun saɓa sosai, na kusa ya fi nauyi. An bar ƙofa ga unguwa mai gauraye: abin da ba shi ne mafi rinjaye ba yana iya wucewa idan akwai shi da yawan gaske, kuma ya riga ya kafu a mahallin kusa.

A zauren sauraro: 2018 zuwa 2022

Canjin bai zo dare ɗaya ba. An daɗe ana jayayya kan ko gyara na 320 ya hau kan buƙatun da aka shigar kafin ya fara aiki, tunda al'adar hukumomin lardin ita ce a auna buƙata da dokar ranar da aka shigar da ita. Mambobin TLAB ma ba bakinsu ɗaya ba kan nauyin kundin jagora. Wasu buƙatun raba fili sun wuce a wannan tsakani.

Abin da ya canza ƙwarai shi ne irin kayan da mazauna ke shigowa da su zaure. Sun daina cewa gidan bai dace ba su tsaya nan. Suka nemi bayanan filaye daga birni, suka zauna da kwamfuta suka jera kowane fili a sashen layi: faɗinsa, girmansa, cikar gininsa, hawa nawa, ina gareji yake. Suka ɗauki hoton kowane gida bi da bi, suka liƙa su a jere yadda mamba zai ga layin kamar yana tafiya a kai, gani ya kori ji. Suka auna kaurin itatuwa, suka zana da'irar saiwa a kan taswirar mai gini, aka ga inda harsashi ya ratsa ta. Wasu suka nemi a karɓe su a matsayin masu sanin wuri, wasu suka haɗa kuɗi aka ɗauko masanin itatuwa, wasu masana tsara gari da suka yi ritaya suka ba da lokacinsu.

Da wannan shiri, tambayar da ake yi wa masanin mai gini ta zama gajera. A sashen nan na layi filaye nawa ne? Nawa ne masu faɗin mita 7.62? Wane faɗi ne ya fi yawa? Gidaje nawa ne cikar gininsu ta kai wadda kake nema? Mutumin da ya yi rantsuwa, ya kuma sa hannu a takardar cewa aikinsa taimakon hukuma ne ba wanda ya biya shi ba, ba shi da wurin zamewa daga ƙidaya. Da can yana iya cewa akwai irinsu. Yanzu sai ya nuna su ne suka fi yawa, ko aƙalla sun kafu a kusa, kuma a layukan da ƙafa 50 ta fi yawa hakan ba ya yiwuwa.

Itatuwa ma sun samu wurin zama a shari'a. Babban Tsari yana da babi kan muhalli da ke neman a tsare inuwar itatuwan birni a kuma ƙara ta, birnin kuma yana da burin kai ta kashi 40 cikin ɗari na faɗinsa. Lokacin da ma'aikatan kula da itatuwa suka zo da kansu suka ba da shaida cewa ginin zai kashe lafiyayyen babban itace, mambobi da dama sun ɗauki hakan a matsayin faɗuwa a gwajin farko, ba tare da jiran matakin neman izinin sara ba.

A waɗannan shekaru TLAB ta ƙi amincewa da buƙatun raba fili da dama a unguwar, wasu masu ginin suka janye, wasu suka koma neman gida ɗaya babba a kan filin ba tare da tsaga shi ba. Amma tsadar abin ba kaɗan ba ce. Ƙarar da aka ware wa kwana ɗaya ko biyu takan ci kwanaki da yawa a warwatse cikin shekara biyu ko fiye. Annobar korona ta dakatar da zama a Maris ɗin 2020, daga baya aka koma yi ta bidiyo. Wanda ya sha kaye yana iya neman hukumar ta sake duba hukuncinta, ko ya nemi izinin zuwa kotu kan batun doka, wasu kuma sun yi. Masu aikin sa kai sun ƙarar da hutunsu na shekara a zaure. Mai fili shi ma yana biyan ruwan bashi da haraji a kan gidan da babu kowa ciki, wasu gidajen suka zauna a rufe da katako a taga, ciyawa ta kai gwiwa, a garin da mutane ke neman wurin kwana.

Ƙofa ta rufe, wata ta buɗe: 2022 zuwa 2023

Yayin da ake wannan, maganar ƙarancin gidaje ta mamaye siyasar lardin. Masana suka riƙa nuna taswirar Babban Tsari, inda aka shafa wa unguwannin ƙananan gidaje launin rawaya, suna cewa mafi yawan ƙasar zama ta birnin an kulle ta, wasu unguwannin ma yawan mutanensu raguwa yake yi alhali birnin na cika. A Fabrairun 2022 majalisa ta halatta gina ƙaramin gida a lambun baya. Ƙungiyoyin mazauna da dama, har da ta Long Branch, suka ɗaukaka ƙara saboda itatuwa, hukumar filaye ta lardi ta kori ƙarar a watan Yuli.

Ranar 25 ga Oktoban 2022 gwamnatin lardi ta Firimiya Doug Ford ta gabatar da ƙudiri mai lamba 23, da burin gina gidaje miliyan ɗaya da rabi cikin shekara goma. Ya zama doka ranar 28 ga Nuwamba. Daga cikin abin da ya yi, ya cire wa maƙwabci ikon ɗaukaka ƙara kan raba fili da ɗan sassauci. Ikon ya rage ga mai buƙata, da minista, da hukumomin gwamnati, da wasu kamfanonin ayyukan jama'a da aka ayyana. Idan kwamiti ya ƙi, mai gini yana da inda zai je, maƙwabci kuma yana iya neman shiga ƙarar. Idan kwamiti ya amince, maƙwabci ba shi da hanya sai ya roƙi kansila ya sa majalisa ta umarci lauyan birni ya shigar da ƙara cikin kwana 20.

Ranar 10 ga Mayun 2023 majalisar birni, da ƙuri'a 18 da 7, ta halatta gini mai sassa har huɗu a duk unguwannin ƙananan gidaje, ta kuma ɗauke wa irin wannan gini iyakar cikar daɓe a mafi yawan wurare. Mafi ƙarancin faɗin fili bai canza ba. Fili mai ƙafa 50 da aka hana tsagawa gida biyu yanzu yana iya ɗaukar iyali huɗu a ƙarƙashin rufi ɗaya, ba tare da an je gaban kowane kwamiti ba, matuƙar ginin ya tsaya cikin awon doka.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Wasiƙu da sa hannu sun gaza domin hukumar ba ƙuri'a take ƙirgawa ba, hujja take aunawa. Sabuwar hukuma ita kaɗai ma ba za ta wadatar ba, tunda gwaji huɗun nan su ne dai a gabanta. Abin da ya juya shari'a shi ne haɗuwar kalmar da za a iya ƙirgawa da mutanen da suka yarda su zauna su ƙirga. Wajabta ajiye takardu tun da wuri ya ba su makonni su karanta taswirar masani su gano inda ya faɗaɗa da'ira. Kundin jagora, duk da rashin ƙarfinsa, ya ba su sunayen abubuwan da suke gani kullum amma ba su da bakin faɗa a zaure.

A ganina mazauna sun yi gaskiya kan tsaga fili. Sauke gida ɗaya mai sauƙin kuɗi don a kafa biyu da kowannensu ya fi na farkon tsada ƙari ne na iyali ɗaya tak, kuma ana biyansa da itacen da ba a mayar da irinsa cikin rayuwar mutum. Kiran ragin faɗi daga mita 12 zuwa 7.62 ɗan sassauci ma zalunci ne ga kalmar. Idan birni yana son ƙananan filaye, majalisa ce ya kamata ta canza dokar a bainar jama'a, bai kamata a riƙa yi mata ɓaraka fili bayan fili ba.

Amma makamin da ya ba su nasara yana da kaifi biyu, kuma wannan ya dame ni. Ma'aunin mafi rinjaye yana kare abin da ya riga ya fi yawa, ko mene ne shi. Ba ya tambayar inda ma'aikaciyar jinya ko direban bas zai zauna. Unguwar da ma'aikatan masana'antu suka gina ta kai inda jikokinsu ba sa iya sayen gida a cikinta, kuma babu ɗaya daga gwaji huɗun da ke jin kukan wanda bai samu shiga ba tukuna. Dokar 2023 ta fi kusa da daidai, domin ta raba tambaya biyu da aka daɗe ana cakuɗawa: faɗin fili daban, yawan iyalan da ke kansa daban.

Cire ikon ɗaukaka ƙara daga ɓangare ɗaya kawai ban ga adalcinsa ba. Jinkirin gaskiya ne, amma maganinsa taƙaita kwanakin zama da tsayar da wa'adi, tunda shekarun 2018 zuwa 2022 sun nuna cewa sau da yawa maƙwabci ne ke kawo ƙidayar da ta fi daidai. Inda rauni ya rage har yanzu shi ne itatuwa. Ginin da ya tsaya cikin awon doka ba ya zuwa gaban kwamiti, ba a aika wa kowa takarda cikin mita 60, kuma babu zauren da wani zai shimfiɗa taswira ya nuna inda harsashi ya ratsa saiwa. Abin da ya rage tsakanin tsohon itacen oak da injin haƙa shi ne dokar santimita 30 da ma'aikacin da ke riƙe da takardar izini.